Cin Rani a Sararin Samaniya: Nasiha Ga Masu Burin Tuƙin Jirgi a Ƙasar Waje

Jirgin sama ya fara sauka a Najeriya ne a Kano cikin Nuwamba 1925, jirgin ƙasa kuma ya iso Nguru a 1930. Mu mutanen arewacin Yobe na ƙasan muka sani, shi ya kwashe mana gyaɗa da ƙaro da kilago, na saman kuwa sai dai mu ɗaga kai mu bi farin layin da ya bari. Amma zamani ya juya. An buɗe filin jirgi a Damaturu a farkon 2023, waya ta shiga hannun kowa, yau ba abin mamaki ba ne ka ji ɗalibin sakandare a Yusufari ko Gashuwa yana cewa shi matuƙin jirgi zai zama. Buri ne mai kyau, Allah ya cika. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ke bin bayan wannan burin a majalisun samari: wai ka dai samu lasisi, ka tara awanni, sai ka fita Dubai ko Doha ko Turai, can kamfanoni na rububin gwanaye, dala kuma tana zuba. Ƙannena, akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne cewa gwanintarka ba ta tsallaka iyaka tare da kai sai an ba ta izini, kuma izinin da ake ba baƙo na wucin gadi ne, an ɗaure shi a ƙafar kamfanin da ya ɗauke shi. Wanda ya tafi a kan irin wannan takarda ɗan cin rani ne, ko da kuwa hular kyaftin ce a kansa. Cin rani sana'a ce ta mutunci, iyayenmu sun yi ta sun gina gidaje da ita. Wanda yake shan wahala shi ne wanda ya tafi cin rani yana zaton ƙaura ya yi.

Mu fara da lasisin kansa. In ka taɓa tsayawa kusa da jirgi a filin Malam Aminu Kano, za ka ga haruffa a jikinsa can wajen wutsiya. Na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U, na Daular Larabawa da A6, na Katar da A7, na Amurka da N. Waɗannan haruffa su ne ke faɗin ƙasar da ta yi wa jirgin rajista, kuma bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin sama ta duniya ICAO, ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ce ke ba da lasisin wanda zai tuƙa shi, ko ta amince da lasisin da ya zo da shi. Ma'ana, lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ba ka izini ne na tuƙa jirgi mai 5N. Ranar da ka zauna a kujerar mai A6, sai hukumar can ta yarda tukuna. Hanya biyu ce. Ko dai su ba ka takardar amincewa ta ɗan lokaci, wadda ke rataye a jikin lasisinka na gida, in na gida ya mutu ita ma ta mutu, ko kuma ka sauya lasisin gaba ɗaya zuwa nasu. Ta biyun ba wasa ba ce. A Tarayyar Turai, kyaftin mai furfura da ya kwashe shekara ashirin yana tashi sai ya zauna ya rubuta jarrabawa 13, tun daga ilimin yanayi har dokokin sama, ya sake gwajin lafiya a wurin likitansu, ya sake gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawarsu. A Amurka ma sai ka yi kwas ɗinsu, ka rubuta jarrabawa, ka yi gwaji. Bayan duk wannan, lasisi daban, izinin aiki daban. Hukumar jiragen sama ba ta ba da biza, hukumar shige da fice kuma ba ruwanta da yawan awanninka. Mafi yawan kamfanonin Amurka da na Turai a tallar aikinsu suke rubuta cewa sai wanda ya riga ya mallaki izinin zama da aiki a ƙasar. Mutanen Ostireliya sun samu shiga ƙananan kamfanonin Amurka ne saboda wata biza ta musamman mai suna E-3 da aka keɓe musu su kaɗai. Koren fasfo ba shi da irin wannan ƙofa.

To, me ya sa wata ƙasa za ta ɗauki baƙo tun farko? Ba sai mun je nesa neman amsa ba, mu dubi yadda mu muke yi wa namu baƙin. Kamfanin da ke son kawo matuƙi daga waje sai ya nemi gurbi a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ya nuna cewa aikin na buƙatar ƙwarewar da ta yi ƙaranci a gida, kuma ƙa'ida ta ce a haɗa baƙon da 'yan ƙasa su koyi aikin a hannunsa don su gaje shi. Wato tun ranar da ya sauka, takardarsa na ɗauke da sunan ranar tafiyarsa. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ta daɗe tana kukan cewa ana cika kujeru da 'yan waje alhali 'yan gida na zaune, kuma duk wanda ya ji wannan kuka a nan yakan ce suna da gaskiya. Sai dai ku sani, irin wannan ƙungiya tana nan a kowace ƙasa, kuma in ka je can, kai ne wanda ake kukan a kansa. Indiya ta ba wa takardar da take ba matuƙa baƙi suna mai kalmar wucin gadi a cikinsa, ta kuma sha sanya wa kamfanoninta wa'adin rage su. Dubi kuma jigilar alhazai. Kamfanoni irin su Kabo Air a zamaninsa da Max Air sun yi suna da manyan jiragen Boeing 747, kuma a wannan sana'a abu ne sananne a yi hayar jirgi tare da matuƙansa, ko a ɗauki matuƙa na 'yan makonni. Muryar da Alhaji ya ji tana yi masa maraba da wani irin Turanci, sau da yawa ta mutum ce da kwantiraginsa zai ƙare da saukar jirgin ƙarshe na dawowa. Ba wanda ya zalunce shi, haka aka shirya da shi. An kira shi ne ya toshe giɓi, ana cike giɓin zai naɗe tabarmarsa.

Shekarar 2020 ta fito da wannan fili. Da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanoni a ko'ina sun rage ma'aikata. A nan gida Air Peace ta sallami matuƙa kusan 70 cikin watan Agusta, Bristow mai jirage masu saukar ungulu ta sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100. Abin ya yi zafi, amma wanda aka sallama a Legas ya koma gidansa ya kwana, ba wanda ya ce masa ya bar ƙasa. A Hon Kon an rufe kamfanin Cathay Dragon rana ɗaya cikin Oktoba. Kamfanonin Sin, waɗanda 'yan shekaru kafin nan suke zawarcin kyaftin-kyaftin na waje da albashi mai tsoka, sun daina sabunta kwantiragi. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa, inda takardar zama ke hannun wanda ya ɗauke ka aiki, rasa aiki na nufin rasa igama, wato takardar zaman, rasa gidan da kamfani ya ba ka, cire yara daga makaranta ana tsakiyar zango, da tattara komatsai cikin 'yan makonni. Mutanenmu da suka san zaman Saudiyya sun san abin da kalmar kafili ke nufi, kuma matuƙin jirgi ma yana da nasa kafilin, sai dai shi nasa kamfani ne mai tambari. Ko ba annoba, siyasa kaɗai ta isa. A 2022 Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, Emirates ta daina zuwa Legas kan kuɗaɗenta da suka maƙale, ba a daidaita ba sai 2024. Ba wani matuƙi da ya yi laifi, amma duk mai koren fasfo da ke neman aiki can a tsakanin nan ya ɗanɗana kuɗarsa.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta wannan sana'a da sauran, wanda samari ba su cika sani ba, shi ne ƙwarewar matuƙi tana tsufa da sauri in an ajiye ta. Injiniyan gini zai iya yin shekara biyu a zaune ya tashi ya ci gaba. Matuƙi ba haka ba. Buɗe kundin awanninsa ka gani: kowane layi tafiya ɗaya ce, kwanan wata, samfurin jirgi, lambar rajistarsa, daga ina zuwa ina, awa nawa da rana, nawa da dare, shi ne shugaba ko mataimaki, sau nawa ya sauke jirgi da hannunsa. Mai ɗaukar aiki ba jimillar da ke ƙasan shafi kawai yake dubawa ba, layin ƙarshe yake nema, ya ga yaushe rabonka da tashi. Doka ta ce kafin ka ɗauki fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, a jirgi ko a na'urar kwaikwayon tuƙi. Takardar lafiya duk shekara ake sabunta ta, in ka haura 60 duk wata shida, a 65 kuma ka sauka daga jigilar fasinja ta ƙasa da ƙasa. Shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi, a ce Boeing 737 ko Airbus A320, ita ma tana da wa'adi, sai ka shiga na'urar nan an kashe maka inji ɗaya daidai lokacin tashi, an tayar maka da gobarar ƙarya, mai jarrabawa na zaune a bayanka yana rubutu. Muddin kana da aiki, kamfani ke biyan duk wannan. Ranar da aiki ya ƙare, aljihunka ne, da dala, sau da yawa har da kuɗin jirgi zuwa ƙasar da na'urar take. Ga shi kamfanoni da yawa sukan ce sai wanda ya tuƙa samfurin cikin wata shida ko shekara ɗaya da ta wuce. Ka ga baƙon da aka sallama agogo uku ke bugawa a kansa lokaci guda: na igama, na lasisi, da na layin ƙarshe a kundinsa. In ya yi sakaci ɗaya ya tsaya, sauran biyun ma sun bi.

Wani zai ce, malam, ai duniya na ƙishin matuƙa, kamfanin Boeing da kansa yana hasashen za a buƙaci sabbi sama da 600,000 cikin shekara 20. Haka ne, amma a tambayi wane irin matuƙi ake ƙishi. Wanda ya fito daga makaranta yakan fito da awa 200 ko kusa da haka. Babban lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja yana buƙatar awa 1,500, Amurka ma tun 2013 ta ɗora wannan sharaɗi har a kan mataimaki. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne ramin da mafarkai da yawa suka faɗa. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, suka dawo da lasisinsu, amma da yawansu sun yi shekaru ba su samu kujerar zama ba, domin ba su da shaidar samfurin jirgi, wadda kuɗinta dubban daloli ne, ba su kuma da awanni. Wasu sun samu shiga daga baya. Darasin shi ne ba ƙasar da ke buga wa baƙo biza don ya zo ya koyi aiki a kanta, nata yaran ma suna layi. Wanda ake nema daga waje shi ne kyaftin da ya riga ya ƙware a kan samfurin da suke da shi, wanda zai fara aiki wata mai zuwa. Kuma ko shi, a kamfanoni masu bin tsarin wanda ya riga shiga, sunansa a ƙasan jeri yake farawa. Hutu, zaɓen hanya, ƙarin girma, duk da wannan jeri ake rabawa, kora kuwa daga ƙasa take farawa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce, to gidan ma wane tabbas ne da shi? Nigeria Airways ta ruguje a farkon shekarun 2000, tsofaffin ma'aikatanta suka yi ta jiran haƙƙinsu har 2018 kafin gwamnati ta saki wani kaso, wasu sun rasu ba su gani ba. Arik Air, wadda ta taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON mai ƙwato basussuka ta karɓe ta a 2017. Kamfanoni nawa aka buɗe da biki aka rufe shiru? Ga faɗuwar naira, wadda ta sa albashin wata ɗaya a Doha zai iya rinjayar na watanni a Abuja. Duk gaskiya ne, shi ya sa ban ce kada a fita ba. Matuƙanmu sun yi aiki a Ruwanda da ƙasashen Larabawa da Turai sun fitar da mu kunya, wasu sun dawo da ƙwarewar da ba za su samu a gida ba. Abin da nake cewa shi ne a yi lissafi na gaskiya. Albashin kwantiragi yana da kauri ne domin an zuba maka fanshonka da haɗarinka a ciki, an miƙa maka a hannu. Wanda ya ɗauke shi a matsayin albashin dindindin, ya ci bashin mota a can, ya sa yara makarantar da sai da wannan albashi za ta biyu, ya ɗauki nauyin rabin dangi a kan tsammanin haka za a dawwama, wasiƙa ɗaya ce za ta durƙusar da shi. Kuma mu a nan mun san yadda nauyin dangi yake. Ranar da aka ji ɗan gidan wane yana tuƙa jirgi a Dubai, daga Yusufari har Machina kowa na da buƙata. Zumunci wajibi ne, amma mai hankali yakan ware kuɗin zaman wata shida ko shekara, da kuɗin sabunta lasisi, ya ɗauka ba nasa ba ne, kafin ya buɗe hannu.

Saboda haka wanda Allah ya kai shi matakin da za a yi masa tayin aiki a waje, ya karanta takarda kafin ya dubi adadin kuɗi. Wa ya ɗauke ka, kamfanin jirgin ko wani ejan da ke tsakani? Da yawan matuƙa baƙi ba ma'aikatan kamfanin da suke sanye da rigarsa ba ne, na dillalin ma'aikata ne da ke zaune a wata ƙasa ta uku, in rigima ta tashi sai ka rasa kotun da za ka je. Kwana nawa za a ba ka in za a sallame ka, kuma wa zai biya kuɗin komawarka da iyalinka? In sun biya maka horo, shekara nawa suka ɗaure ka, nawa za ka biya in ka tafi? Izinin yana ba ka damar sauya kamfani, ko yana kaiwa ga zaman dindindin? A yawancin ƙasashen Gulf ba ya kaiwa, ko ka shekara ashirin. Akwai inshorar rasa lasisi in likita ya ce zuciyarka ko idonka ya gaza? Sannan kada ka bari lasisinka na NCAA ya mutu don kana riƙe da na wasu, kada kuma ka bar kamfanin gida da faɗa ko ka gudu da bashin horo a wuyanka. Duniyar matuƙa ƙarama ce, sabon kamfani yakan nemi takardar shaida daga tsohon da kuma tabbaci daga hukumar da ta ba ka lasisi. A guji kuma masu cewa ka biya su kuɗi su sa ka a jirgi ka tara awanni, da masu tallar aiki a WhatsApp suna neman kuɗin biza tun kafin ganawa. Ƙara awa ɗaya ta ƙarya a kundi kuwa, ban da haramcinta, ita ce hanya mafi sauri ta rasa sana'ar har abada.

Na san mai karatu a Yusufari zai iya cewa wannan duk maganar manya ce, shi ko Kano bai taɓa zuwa ba. Ina ganin shi ya fi kowa buƙatar jin ta tun yanzu, domin iyaye kan sayar da gona da garke a kan mafarkin da ba a yi masa lissafi ba. Hanyar a buɗe take, amma daga gida take farawa. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya tana nan tun 1964, akwai wata a Ilori, akwai kuma hanyar sojan sama ta Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna ga wanda iyayensa ba su da hali. Duk suna son sakamako mai kyau a lissafi da fizis da Turanci, kuma Turancin ba na takarda kaɗai ba, domin ICAO ta wajabta wa matuƙi ya kai mataki na 4 a gwajin magana da saurare. Kafin a kashe ko kwabo, a je a yi gwajin lafiya na matuƙa, don akwai wanda ba ya bambance wasu launuka bai sani ba. A kuma tanadi kuɗin shaidar samfurin jirgi a cikin lissafi tun farko, ko a nemi gwamnati ko mai ɗaukar nauyi ya haɗa da shi. Yana da kyau mutum ya riƙe wani ilimin a gefe, ga jami'ar tarayya nan a Gashuwa tun 2013, domin takardar likita ɗaya na iya raba matuƙi da sama yana ɗan shekara 35. Wanda kuma tuƙin bai yiwu masa ba, gyaran jirgi da kula da zirga-zirgarsa da hasashen yanayi duk sana'o'i ne, mafi yawansu a Zariyar ake koyar da su.

Kira na ga gwamnatin Yobe da masu hannu da shuni na Nguru da Bade shi ne, in za a ɗauki nauyin yaranmu su koyi tuƙin jirgi, a ɗauka har ƙarshe: lasisi, shaidar samfuri, da yarjejeniya da kamfanin da zai ba su awannin farko. Gara biyar da aka kai gaci da hamsin da aka ajiye a awa 200. Ku kuma samari da 'yan mata, ku tara awanninku na farko a jirgi mai 5N, ku fita lokacin da ake nemanku, kada kuma ku sa hannu a kwantiragin da ba ku ba wani lauya ko tsohon matuƙi ya karanta muku ba.